Marainiyar da Ta Hana Mu Barci

Mu 'yan matan zamaninmu ba baƙin tsoro ba ne. Tun muna ƙanana ake ɗura mana shi da daddare a tsakar gida: Dodo mai haɗiye yarinyar da ta ƙi jin maganar iyaye, fatalwar gindin tsamiya, maye mai kama kurwa. Da aka kai mu makarantar kwana kuma muka tarar da nata aljanun, har da mai takalmin nan ƙwas-ƙwas da ake cewa tana sintiri a baranda in dare ya raba. Sai dai duk wannan tsoro ba shi da mai shi. Ba wanda ya taɓa ce mana wance ce ta ƙago Dodo, ga garinsu, ga abin da ya ci mata rai har ta ƙago shi. Tatsuniya gado ce, a bakin kaka muka tsince ta, ita ma a bakin tata kakar.

Wanda ya fara nuna mana cewa labarin ban tsoro yana iya samun uwa da uba shi ne malaminmu na Turanci a farkon shekarun 1980. Mutumin Gana ne, haifaffen zangon Kumasi, ɗaya daga cikin ɗimbin malaman ƙasar da suka cika makarantun Arewa a wancan lokaci. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, ba ya riƙe bulala. Daren Asabar bayan sallar isha'i yakan tara masu sha'awar karatu a ɗakin cin abinci, a ture kwanuka gefe, in babu wuta a kunna fitilar ƙwai. Wani dare ya zo da wani siririn littafi da aka naɗe bangonsa da takardar siminti, ya ajiye a kan tebur, ya ɗora tafin hannunsa a kai. Ya ce, "'Ya'yana, wannan littafi zai hana ku barci. Amma ba za ku ga cikinsa ba sai kun san wadda ta rubuta shi." Muka yi ta magiya, "Malam, ko shafi ɗaya." Ya ƙi.

Sunanta Mary. An haife ta a Landan ranar 30 ga Agusta, 1797. Mahaifinta William Godwin masanin falsafa ne da ake ji da shi, mahaifiyarta kuwa Mary Wollstonecraft, wadda a 1792 ta fitar da littafi tana kare haƙƙin mata, musamman haƙƙinsu na samun ilimi daidai da maza. An sauka lafiya, sai mabiyiya ta ƙi fita. Aka kira likita ya ciro ta da hannu, zazzaɓi ya biyo baya, bayan kwana 11 mai jego ta rasu. Ina tuna yadda ɗakin ya yi tsit a nan. Ba mu san Landan ba, amma mun san wannan mutuwa. Kusan kowace a cikinmu tana da yaya ko gwaggo ko maƙwabciya da ta tafi a jego ta bar jariri. Wata 'yar ajinmu da ke zaune kusa da ni, wadda ita ma ba ta san mahaifiyarta ba, ta ja ɗankwalinta ta rufe fuska.

Malam ya ci gaba da labarin matar uba, wadda Godwin ya auro a 1801 da 'ya'yanta biyu, da yadda jininta da na Mary bai haɗu ba. Gidan cike yake da littattafai, har shagon buga littattafan yara suke da shi, amma wurin da yarinyar ta fi samun sakewa shi ne kabarin mahaifiyarta a harabar cocin St Pancras. Can take kai littafi ta zauna. Ana ma ba da labarin cewa a jikin dutsen kabarin ta koyi haɗa baƙi, tana bin haruffan sunan da yatsa, tun da sunansu ɗaya. Wannan ya ba mu mamaki ƙwarai, mu da ko hanyar maƙabarta ba ma bi, amma mun gane abin da ke kai ta.

Abin da nake yaba wa Malam har gobe shi ne bai yi wa labarin kwaskwarima ba. A Yulin 1814, tana da shekara 16, Mary ta gudu Faransa da wani matashin mawaƙi, Percy Shelley, wanda yake da mata da 'ya, matar kuma tana da ciki. Malam bai ɓoye mana ba, bai kuma mayar da shi labarin soyayya mai daɗin ji ba. Ya ce an zalunci matar nan Harriet, ya kuma zayyana mana abin da ya biyo baya: uba ya juya wa 'yarsa baya sama da shekara biyu, masu bin bashi suna farautar Percy, mutanen gari suna nuna su da baki. A Fabrairun 1815 Mary ta haifi bakwaini, mace, ba ta kai mako biyu ba ta koma. Bayan 'yan kwanaki Mary ta rubuta a littafinta na yau da kullum cewa ta yi mafarki jaririyar ta dawo, ashe sanyi ne kawai ya kama ta, suka murza jikinta a bakin wuta ta farfaɗo. Ta farka ba kowa.

A nan Malam ya tsaya a daren farko. Ya ce mu riƙe wannan mafarki, za mu buƙace shi.

Asabar ta gaba ya zo da taswira. Ya nuna mana Indonesiya, inda dutsen Tambora ya yi aman wuta a Afrilun 1815, tokarsa ta hau sama ta dusashe rana har a Turai, shekarar 1816 ta zo musu babu bazara, sai sanyi da ruwa ba ƙaƙƙautawa, amfanin gona ya lalace. Sannan ya ɗora yatsa a kan tafkin Geneva a Suwizalan. A wannan damina mara kan gado Mary da Percy da 'yar matar ubanta Claire suka sauka kusa da gidan da mawaƙi Lord Byron ya kama haya, Villa Diodati, tare da likitansa John Polidori. Ruwa ya tsare su a ɗaka, suka shiga karanta labaran fatalwa na Jamusawa da aka fassara zuwa Faransanci. Byron ya ce to kowa ya ƙago nasa. Manyan mawaƙan biyu ba su yi nisa ba suka watsar. Likitan daga baya ya fitar da The Vampyre a 1819, labarin mai shan jini da ya share wa Dracula hanya. Ita kuwa Mary, mai goyon jaririnta na biyu William, ta yi kwanaki ba abin da ya zo mata.

Hirar da mazan ke yi a lokacin ita ce ta asalin rai. Wani masanin Italiya, Luigi Galvani, ya nuna cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa in lantarki ya ratsa ta. Ɗan 'yar'uwarsa Giovanni Aldini ya wuce nan: a 1803 a Landan ya jona wa gawar wani da aka rataye lantarki a gaban jama'a, muƙamuƙi ya motsa, ido ɗaya ya buɗe. Wani dare bayan irin wannan hira Mary ta kasa barci, ta ga a zuciyarta wani ɗalibi durƙushe gaban abin da ya harhaɗa, abin ya motsa, ɗalibin ya firgita ya gudu. Shekarunta 18.

Wannan adadi shi ya fi komai girgiza mu, domin akwai 'yan aji biyar a ɗakin da suka kai hakan. A tunaninmu marubuci dattijo ne mai gemu da tabarau. Malam ya ƙara da cewa a daidai wannan lokaci Nana Asma'u, wadda ta girmi Mary da shekara huɗu kacal, tana ƙasar Sakkwato tana tashe da ilimi. Bai ce komai a kan haka ba, ya bar mu da shi.

Sai a Asabar ta uku aka buɗe Frankenstein. Taƙaitaccen bugu ne da sauƙaƙƙen Turanci. Malam ya karanta sakin layi, ya juya mana da Hausarsa ta zango, wani wurin ya ƙara daga abin da ya sani na cikakken littafin. Muka faro daga wasiƙun matuƙin jirgin ruwa Robert Walton zuwa ga 'yar'uwarsa, da mutumin da ya tsinto a kan ƙanƙara rai a hannun Allah. Muka bi Victor Frankenstein daga gidansu na Geneva zuwa jami'ar Ingolstadt a Jamus, bayan rasuwar mahaifiyarsa, muka ga yadda ya daina rubuta wasiƙa gida, yana bin maƙabarta da mahauta da daddare yana tara abin da zai haɗa. Tsawon abin ƙafa takwas.

Mun shirya wa tsoron jini da ƙasusuwa, sai ga shi littafin bai ma tsaya a kansu ba. Wurin da ya kama mu daban ne. Daren Nuwamba, ruwa na dukan taga, abin ya buɗe ido. Victor ya kalle shi, ya ga muni, ya fice ya shige ɗakin kwana. Ya farka ya tarar da shi tsaye bakin gado, ya ɗaga labule, yana motsa baki yana son yin magana, ya miƙo hannu. Victor ya sake gudu, ya kwana a waje. Malam ya rufe littafin ya tambaye mu, "Wa kuka sani da ke zuwa duniya ba ya magana, yana miƙa hannu ga wanda ya fara gani?" Ba wadda ta amsa, domin kowa ta sani. Sai mafarkin Mary ya dawo mana: uwa tana murza gawar 'yarta tana roƙon ta farfaɗo, ga kuma wani nasa ya farfaɗo ya tsere masa. Da Malam ya ba mu littafin tun daren farko, da a wurin nan ihu za mu yi mu ƙanƙame juna, mu wuce. Saboda mun san wadda ta rubuta, kuka wasu suka yi.

Ba a rasa mai ja ba. Wata 'yar gidan malamai, mai tsantseni ƙwarai, ta miƙe ta ce, "Malam, gafarta, wannan ai saɓo ne. Mutum ya yi halitta?" Malam Musulmi ne, da shi ake jam'i a masallacin makaranta. Ya ce, "Gaskiyarki, 'yata. Rai na Allah ne shi kaɗai. Zauna ki ga abin da marubuciyar ta yi da wanda ya miƙa hannu inda ba hurumin ɗan Adam ba." Ta zauna, kuma ba ta sake fashin zuwa ba.

Babin da na fi ƙauna, wanda har yanzu in na karanta sai idona ya kawo ruwa, shi ne inda halittar ke ba da labarin kansa. Bayan mutanen ƙauye sun kore shi da jifa, ya laɓe a wata 'yar rumfa jingine da bukkar wasu matalauta: tsoho makaho De Lacey, ɗansa Felix da 'yarsa Agatha. Ta wata 'yar kafa a jikin katako yake leƙensu. Da farko yana satar abincinsu, da ya gane yunwa suke kwana da ita sai ya daina, ya koma cin 'ya'yan itace da saiwoyi, da daddare kuma ya saro musu itace ya tara a bakin ƙofa, su tashi da safe suna mamaki. Sai ga baƙuwa Safie, 'yar wani ɗan kasuwa Baturke, wadda mu muka raɗa wa Safiya. Felix yana koya mata Faransanci, shi kuma yana ɗauka daga maɓoyarsa, kamar yaron da ba a sa makarantar allo ba yana tsaye bayan zana har ya riga 'yan ciki haddacewa. Ya iya magana, ya iya karatu, ya tsinci littattafai uku a daji ya karance su, ciki har da Paradise Lost, inda ya ga Adamu yana da Mahaliccin da ke kula da shi, shi kuwa ba shi da kowa.

Ya daɗe yana shiri, ya jira ranar da makahon ke shi kaɗai, ya ƙwanƙwasa. Tsohon ya karɓe shi da mutunci, ya saurare shi, ya yi alkawarin taimako, tun da murya kawai yake ji. Ana cikin haka masu ido suka dawo. Agatha ta suma, Safie ta ruga, Felix ya rufe shi da duka. A daren da muka kai wannan wuri ba wadda ta yi zancen mai ƙwas-ƙwas a hanyar komawa ɗakin kwana. Gardama muka tafi da ita, muka kai tsakar dare muna yi a ƙarƙashin gidan sauro har shugabar ɗaki ta tsawata.

Gardamar ita ce wa ke da laifi. Wasu suka ce Victor, shi da ya kawo abu duniya ya ƙi ko raɗa masa suna. Wasu suka ce to ƙanin Victor, ƙaramin yaron da aka shaƙe, me ya yi? Justine fa, 'yar aikin gidan da halittar ya ɗora wa laifin har aka rataye ta, Victor yana kallo ya san gaskiya ya yi gum? Aminin Victor, Clerval, da amaryarsa Elizabeth da aka kashe daren aure? Ni a lokacin ina ɓangaren halittar ɗari bisa ɗari. Yanzu da na manyanta ina ganin ƙarfin littafin shi ne bai wanke kowa ba. Wulaƙancin da aka yi masa gaskiya ne, jinin da ya zubar ma gaskiya ne, kuma shi da kansa, tsaye a kan gawar Victor a ƙarshe, bai ce ba shi da laifi ba. Yaro ɗan shekara 15 yana iya ɗaukar wannan nauyi in an yarda da hankalinsa. Malam ya yarda da namu, bai taɓa raba mana gardamar ba.

Bayan mun sauke littafin ya ƙarasa mana rayuwarta. An buga shi ranar 1 ga Janairu, 1818, kwafi 500, babu sunan marubuci. Saboda Percy, wanda ta aura a ƙarshen 1816 bayan mutuwar Harriet, shi ya rubuta gabatarwa, mutane da yawa suka ɗauka nasa ne. Sunanta bai hau bango ba sai bugun 1823, a 1831 kuma ta sake gyara shi ta ba da labarin daren Geneva da bakinta. Tsakanin nan mutuwa ba ta ɗaga mata ƙafa ba. 'Yarta Clara ta rasu a Venice a 1818, William a birnin Rum a 1819, Percy ya nutse a teku a gaɓar Italiya a Yulin 1822. Ba ta cika shekara 25 ba ta zama gwauruwa, ta binne uku cikin 'ya'ya huɗu. Ta koma Ingila da ɗa ɗaya, Percy Florence, ta riƙe shi da alƙalami: littattafai, gajerun labarai, tarihin mashahuran mutane, tattara waƙoƙin mijinta, yayin da surukinta ke ba da ɗan abin da yake bayarwa da sharuɗɗa. A 1826 ta fitar da The Last Man, labarin annobar da ta share 'yan Adam sai mutum ɗaya. Ta rasu ranar 1 ga Fabrairu, 1851, tana da shekara 53.

A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takardu wa'adin barin Najeriya, guguwar ta kwashe 'yan Gana masu ɗimbin yawa, har da waɗanda suka ga zaman ya ishe su haka nan. Muka dawo hutu muka tarar Malam ya tafi. Littafin ya bar shi a ɗakin karatu, da takardar simintinsa.

Da na zama malama ni ma, hanyarsa na bi ba tare da na canza komai ba: rayuwa tukuna, littafi daga baya. Abin da ya canza yaran ne. Na yanzu suna zuwa da hoton a kansu tun kafin a fara, ƙato mai murabba'in kai da ƙusoshi a wuya, yana gurnani, kuma sun ɗauka shi ne Frankenstein. Wannan siffa daga fim ɗin Amurka na 1931 take, wanda Boris Karloff ya fito a ciki. Fim ne mai kyau a matsayinsa, amma ya yi wa Mary ɓarna guda: ya ƙwace wa halittar harshe. Nata yana magana, yana kawo hujja, yana tuhumar wanda ya yi shi har Victor ya rasa amsa. In aka cire wannan an cire littafin. Shi ya sa nake roƙon iyaye da malamai kada su fara da fim. Kada kuma su miƙa wa ɗan ƙaramar sakandare cikakken bugun, Turancinsa tsoho ne mai nauyi, zai gaji tun a wasiƙun Walton. A ba shi taƙaitacce, a karanta tare da babbar murya, a juya masa da Hausa inda ya cije. Ga ƙanana sosai nakan tsallake wasu mace-macen gidansu Mary, amma rasuwar mahaifiyarta da mafarkin jaririya ba na taɓa tsallake su.

Cikin ɗaliban da na karanta wa akwai wadda ta zama ungozoma a wani asibitin karkara. Mun haɗu a gidan suna ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malama, kin san na gano abin da ya kashe mahaifiyar Mary?" A makarantar ungozoma aka koya musu labarin Ignaz Semmelweis, likitan da a 1847 a Vienna ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan sinadari kafin su taɓa masu haihuwa, mutuwar masu jego a sashensa ta faɗi warwas. Shekara 50 ke nan cif bayan haihuwar Mary. Ta ce tana zaune a aji ta lissafa, ta gane mai yiwuwa hannun likitan da aka kira ya ceci mahaifiyar Mary ne ya kai mata cutar. Ta ce duk ɗalibar da aka turo mata koyon aiki, a bakin famfo take fara tsayar da ita, ta ba ta labarin matar da ta rasu a Landan a 1797, kafin ta bar ta ta shiga ɗakin haihuwa.